Jack Russell: ɗan ƙaramin kare mai zuciyar mafarauci, ga yadda ake riƙonsa

Duk lokacin da wani ya ce min yana son Jack Russell wai saboda ɗan ƙarami ne ba zai ba shi wahala ba sai gabana ya faɗi, don na san ƙarshen zancen, ba za a yi wata shida ba zai fara cigiyar wanda zai karɓe shi. Ni na riƙe guda ɗaya, mace, shekara goma sha huɗu muna tare, kuma babban abin da na koya a kanta shine girman jikin karen nan ba ya gaya maka komai game da aikin da ke gabanka. A kan sikeli kilo shida ne amma a cikin kansa cikakken mafarauci ne, kuma duk kulawarsa daga nan take farawa, yawonsa, horonsa, katangar gidanka, har irin dabbar da zaka iya ajiyewa tare da shi.

Bari in fara da asalinsa, don in ka gane wannan rabin aikin ya ƙare. Sunan wani limamin coci ne ɗan Ingila, John Russell, mutumin yankin Debon, an haife shi 1795 ya rasu 1883, mutum ne da farauta ta shiga ransa sosai. A 1819 yana ɗalibi a jami'ar Oksfod ya ga wata 'yar karya fara mai ɗigon ja-ja a kai da gindin wutsiya a hannun wani mai tallan madara, ya saye ta, sunanta Trump, daga kanta ya fara haɗa irin da yake so. A farautar yanyawa irin tasu ta can mutane na kan dawakai manyan karnuka na bin sawu, in yanyawa ta ga uwar bari sai ta faɗa rami, toh a nan ne ake buƙatar ƙaramin kare da zai kutsa ramin ya bi ta cikin duhu yayi ta zuba mata haushi a fuska har ta gaji ta fito da gudu. Shi yasa aka fi son fari, don kar a ga abu ya ɓullo daga rami a ɗauka yanyawar ce. Shi yasa kuma ƙirjinsa siriri ne, har yau masu duba irin suna zagaye ƙirjin da tafin hannu biyu, in yatsu basu haɗu ba sai su ce wannan ba zai shiga rami ba. Ita kanta kalmar tariya da ake kiran danginsu da ita daga kalmar Latin ta ƙasa ta fito, wato karen shiga ƙasa kenan.

Yanzu ka jera abubuwan da mutane ke kuka da su, yawan haushi, tonon ƙasa, taurin kai, bin duk abin da ya gifta, rashin tsoron karen da ya ninka shi sau biyar, zaka ga duk kayan aikinsa ne. A cikin rami babu ubangidan da zai ce masa yi kaza bari kaza, shi kaɗai ke yanke wa kansa shawara, kuma shekara ɗari biyu kenan ana zaɓar masu wannan halin ana haɗa su. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Ba zaka cire masa halin ba, abin da zaka iya shine ka sama masa inda zai sauke shi.

Wajen girma akwai ɗan ruɗani da suna. Wanda ƙungiyar karnuka ta duniya FCI ke kira Jack Russell tsayinsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa santimita 25 zuwa 30 ne, nauyi kilo 5 zuwa 6, kuma a Ostareliya aka daidaita wannan samfurin. Akwai ɗan'uwansa mai dogayen ƙafafu da ake ce wa Parson Russell, shi yana kaiwa 33 zuwa 36. Gashi iri uku ne, mai santsi a kwance, mai kaushi buzu-buzu, sai na tsakiya mai ɗan gemu da gira. In dai ba gasar nuna karnuka zaka shiga ba kar wannan ya dame ka, halin nasu ɗaya ne.

Kafin ka ɗauko shi

Ka fara duba rayuwarka kafin ka duba kare. In kana fita da asuba baka dawowa sai dare kuma babu kowa a gida toh ka haƙura, wannan ba naka bane, kaɗaici zai sa yayi ta haushi har maƙwabta su gaji da kai, ya yage kujera ya cinye takalmi. Kuma ba alkawarin shekara biyu bane fa. Binciken da kwalejin likitocin dabbobi ta Landan, Royal Veterinary College, ta fitar a 2022 kan karnukan Birtaniya ya nuna Jack Russell ne kan gaba a tsawon rai cikin ire-iren da aka duba, wajen shekara 12.7 a matsakaici, wasu kuma suna kaiwa 15 ko 16.

In ɗan kwikwiyo zaka saya ka nace sai ka ga uwarsa da idonka a inda suke kwana, barewa ba ta gudu ɗanta yayi rarrafe, uwa mai firgici ko mai kai cizo ba gaira ba dalili yawanci haka 'ya'yanta ke tashi. Kar ka karɓi wanda bai cika sati 8 ba ko da mai shi ya rantse maka yana cin abinci da kansa, domin a waɗannan kwanakin ne yake koyon sassauta haƙori a wajen 'yan'uwansa, in ya ciji ɗaya da ƙarfi wancan yayi ƙara wasa ya watse sai ya gane. Ka duba idonsa babu kwantsa, kunnensa ba ya wari, cikinsa bai kumbura tim da tsutsa ba, gindinsa babu alamar gudawa. Sannan ka bari sai ya juya maka baya ka tafa hannu ka ga ko kunnensa zai motsa, saboda karnuka masu farin gashi da yawa akan samu wanda aka haifa kurma a cikinsu, akwai ma gwaji na musamman da likita ke yi mai suna BAER da ke gano ko da kunne ɗaya ne ba ya ji. Ka tambaya ko an yi wa iyayen gwajin DNA na ciwon idon da zan yi bayani a ƙasa. Guntule wutsiya kuwa babu wani amfani da zai yi wa karen gida, a Ingila ma doka ta hana tun 2007 sai dai ga karnukan aiki.

Sai katanga. Wallahi kar ka raina wannan. Shinge mai mita ɗaya ba komai bane a wajensa, ka kai shi mita ɗaya da rabi ko fiye, kuma ka kula da ƙasan fiye da saman. Wata safiya na fito ban ga tawa ba sai yashi nake gani yana tashi sama a gindin shinge, da na matsa ba abin da ya rage a waje sai ƙafafun baya da wutsiya tana kaɗawa kamar za ta tsinke, rabin jikinta ya riga ya shige ƙasa, ƙanshin ɓera ta ji. Na kira ta ya fi sau goma ko kunne bata karkata ba, sai da na kama ƙugunta na jawo ta, ta fito hanci duk ƙasa tana haki tana neman komawa. Daga ranar na binne waya mai raga a gindin shingen zurfin kamu biyu na jera duwatsu a kai.

Watannin farko

Rana ta farko ko ta biyu ka kai shi wajen likitan dabbobi. Allurar rigakafi ana farawa ne daga sati 6 zuwa 8, ana maimaitawa bayan kowane sati 3 ko 4 har ya kai sati 16, tana kare shi daga farbo da distempa da ciwon hanta, ta ciwon haukan kare kuma daga sati 12 zuwa sama, daga nan likita zai rubuta maka lokacin sabuntawa a kati, ka adana katin nan kamar takardar haihuwa. Farbo ita ce mai kwashe 'yan kwikwiyo, amai da gudawar jini mai ɗoyi, ƙwayarta kuma tana iya wata da watanni a ƙasa bata mutu ba, don haka kar ka sauke shi inda karnukan da baka sani ba ke kashi sai allurarsa ta cika. Ta haukan kare kuwa ba don shi kaɗai bane, don kai da yaranka ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar na kashe mutum wajen 59,000 duk shekara kuma kusan duka daga cizon kare ne. Maganin tsutsar ciki duk sati biyu har wata uku, sannan duk wata har wata shida, bayan nan duk wata uku.

Amma kar tsoron cuta ya sa ka kulle shi a ɗaki, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Daga sati 3 zuwa wajen sati 14 ƙwaƙwalwarsa a buɗe take, abin da ya saba da shi a lokacin zai ɗauke shi ba komai ba har tsufa, wanda bai gani ba kuma shi zai riƙa yi wa haushi. Ka rungume shi ka fita da shi ya ga mota da babur da keke, ya ji ƙarar injin, ya ga tsoho mai sanda da yaro mai gudu da mai hula da mai lema, ka bar baƙi su ba shi ɗan abin taɓawa da hannunsu, ka haɗa shi da babban kare mai haƙuri wanda ka san an yi masa allura. Kullum ka riƙa taɓa tafin ƙafarsa kana buɗe bakinsa kana leƙa kunnensa, ranar da zaka yanke masa farce zaka gode wa kanka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Koyon fitsari da kashi ba wani sirri a ciki sai naci. Da ya farka, da ya gama ci, da ya gama wasa, ka ɗauke shi zuwa wuri ɗaya ka tsaya har yayi, yana gamawa ka yaba masa ka ba shi lada a take a wurin. In yayi a ɗaki ka goge kayi shiru, dangwala masa hanci a ciki ba ya koya masa komai sai ɓoye maka, zai koma yi a bayan kujera. Kar ka goge da abin wanki mai amoniya don warinsa kamar na fitsari ne a hancin kare, zai dawo wurin.

Gajiyar da shi, nan ne aikin yake

Babban Jack Russell yana buƙatar aƙalla awa ɗaya na motsa jiki kullum, a raba safe da yamma, kuma ba tafiyar rangwaɗa ba, gudu da bin ƙwallo da jan igiya. Ɗan kwikwiyo kuwa a bi shi a hankali, gajeren wasa sau da yawa, ban da tsalle daga kan gado ko doguwar tafiya sai ƙashinsa yayi ƙwari wajen shekara ɗaya. Toh amma ga abin da na daɗe ban gane ba, gudu kaɗai ba ya gajiyar da karen nan, ƙara masa ƙarfi ma yake, abin da ke kwantar da shi shine aikin hanci da na ƙwaƙwalwa. Ka daina zuba masa abinci duka a kwano, ka watsa rabi cikin ciyawa ya nema, ko ka naɗe a tsohon tawul, ko ka ɓoye guntun nama ƙarƙashin ɗaya daga kofi uku. Minti goma sha biyar na wannan sai ka ga ya je ya miƙe yana barci. In kun fita yawo kuma ka bar shi ya sunsuna abin da yake so, kar kayi ta fizgarsa.

Tono kuwa tunda ba zai bari ba ka ware masa kusurwa guda ka zuba yashi ka riƙa binne masa kayan wasa a ciki, in ka kama shi yana tonon fulawa ka ɗauke shi ka kai shi can ba tare da faɗa ba, da ya ga a nan ake samun riba zai bar maka sauran wurin.

Horo a yi shi gajere, minti biyar sau biyu ko uku a rana, da lada mai daɗi a hannu. Yana da kaifin basira, abu sau uku ko huɗu ya kama, amma in ka cika maimaitawa sai ya gundura ya tafi harkarsa. Duka ba ya aiki a kansa ko kaɗan, karen da aka gina don ya fuskanci haƙoran yanyawa a cikin duhu bulalarka ba za ta sa ya rusuna ba, sai dai ya daina yarda da kai ko ya fara ramawa. Kalmomi huɗu sun fi komai, zauna, bari, shiru, da kuma zo. Kowa a gidan yayi amfani da kalma iri ɗaya da doka iri ɗaya, in kai ka hana hawa kujera wani ya bari toh ya gano ƙofa.

Zo ɗin nan ita ce mai ceton rai kuma a kanta na yi kuskuren da har yau yake min ciwo. Tana wata bakwai ta kuɓuce ta bi kurege, na fi rabin awa ina nemanta hankalina a tashe, da ta dawo da kanta tana kaɗa wutsiya sai na rufe ta da faɗa don tsoron da na ji. Abin da ta fahimta shine dawowa wurina ne laifin. Bayan nan in na kira ta sai ta tsaya nesa kaɗan, kunne a kwance, tana kallona ta ƙi ƙarasowa, sai da na yi watanni da doguwar igiya mai mita 10 da guntayen kaza a aljihu kafin ta sake sakin jiki. Don haka komai ɓacin ranka in ya zo ka yaba masa. Kuma ko ya ƙware kar ka sake shi kusa da titi, in ya hango abin bi kunnensa toshewa yake. Ɗamarar ƙirji ta fi abin wuya wajen yawo don yana da ja, ka kuma rataya masa lambar wayarka, in da hali likita ya sa masa maikurocif a ƙarƙashin fata, wata 'yar na'ura ce mai girman ƙwayar shinkafa mai ɗauke da lambar da ake gane mai karen da ita in ya ɓata.

Haushi kuma in ka daka masa tsawa shi a ganinsa taya shi kake. Ka bari yayi biyu uku, ka ce shiru da murya a kwance, ka kai lada kusa da hancinsa, ba ya iya sunsuna da haushi lokaci guda, da yayi shiru ka ba shi. In ta taga yake hango masu wucewa ka saki labule.

Da yaran da suka yi wayo abokin wasa ne da ba ya gajiya, amma ba ya jure jan kunne da hawa baya, don haka kar a bar shi da ƙaramin yaro su kaɗai, kuma a koya wa yara ba a taɓa shi yana ci ko yana barci. In yayi gurnani kar ka hukunta shi, gargaɗi ne yake baka, in ka kashe gargaɗin gobe cizo zai zo babu sallama. Kaji, zomo, tantabara, duk abin farauta ne a idonsa ko shekara nawa suka yi gida ɗaya, ka raba su da ƙofa mai sakata. Kyanwar da suka tashi tare yana iya ƙyale ta amma ta waje ba zai raga mata ba. In kare na biyu zaka ƙaro mace da namiji sun fi zama lafiya, maza biyu ko mata biyu faɗansu ba ya da kyau.

Ci da sha da gyaran jiki

Daga sati 8 zuwa wata uku sau huɗu a rana, zuwa wata shida sau uku, daga nan sau biyu har ƙarshen rayuwa. Cikakken abincin kare na buhu wanda aka yi don ƙananan iri shi ya fi sauƙi, ka auna da sikeli ko kofi kar kayi da ka. In dafawa zaka riƙa yi ka nemi likita ya tsara maka, nama zalla ba ya wadatar da ƙashi da sinadarin kalsiyam. Canjin abinci a yi shi cikin sati guda ana gauraya sabo da tsoho. Ladan horo kar ya wuce kashi goma cikin ɗari na abincin yini. Ka riƙa shafa haƙarƙarinsa, ya kamata ka ji ƙasusuwan ba sai ka danna ba, in ka leƙo shi ta sama kuma ka ga ƙugu ya shiga. Kilo ɗaya a jikin kare mai kilo shida kamar kilo goma ne a jikin mutum mai sittin, gwiwarsa ce za ta biya. Ruwa mai tsabta kullum a ajiye.

Abubuwan da ba a ba shi ko ɗanɗane: cakulan, inabi da zabibi, albasa da tafarnuwa ɗanye ko dafaffe, cingam da alawa masu zailitol, wato sinadarin zaƙi da ake sawa a madadin sukari, dafaffen ƙashi don yana tsagewa ya huda hanji. Kar ka ba shi farasitamol ko ibufurofen naka. Sai maganin ɓera, wanda a wajen wannan irin haɗarinsa biyu ne, zai iya cin maganin kuma zai iya cin ɓeran da ya ci maganin, sannan a wani irin maganin alamar ba ta fitowa sai bayan kwana biyu zuwa biyar lokacin jini ya fara zuba a ciki. In kana zargi kar ka jira alama, ɗauki kwalin maganin ku tafi asibiti.

Mai santsin gashi ya fi zubar da gashi, abin mamaki, farin gashin nan zaka gan shi a kan kowace riga, buroshin roba sau biyu a sati yana ragewa. Mai kaushi ana tsige masa mataccen gashi da yatsu kamar sau biyu a shekara, ba ya jin zafi in gashin ya isa fita, aski da injin kuwa laushi yake sa gashin yayi ya daina tare ruwa da datti. Wanka sai yayi datti sosai kuma da shamfu na karnuka. In kana jin ƙas-ƙas na farce a kan siminti ya isa yanka, a farin farce zaka hango jan jijiya a ciki, ka tsaya kafin ka kai gare ta. Haƙora kuwa kullum in zaka iya, da man goge baki na karnuka ban da namu, ƙananan karnuka haƙori 42 ne cunkushe a ɗan baki shi yasa dasashinsu ke saurin ruɓewa, warin baki mai ƙarfi alamar ciwo ce.

Kaska da ƙuma a yi musu magani a kai a kai daidai da nauyinsa, in akwai kyanwa a gida ka gaya wa likita don maganin kare mai sinadarin fametirin yana kashe kyanwa. In ka ga kaska ka kama ta daf da fata ka ja a hankali a miƙe, ban da ƙonawa ko zuba mata kananzir. Bayan cizon kaska in ya ƙi abinci, dasashinsa yayi fari, fitsari yayi duhu, asibiti a ranar.

Zafi ma abin tsoro ne saboda karen nan bai san ya isa ba, zai yi ta bin ƙwallo har ya faɗi, kuma kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki. Kai ne zaka tsayar da wasan. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in baka iya jure daƙiƙa biyar ba shi ma tafinsa ba zai iya ba. Kar a bar shi cikin mota a rufe ko na minti kaɗan. In ya fara layi, harshe yayi ja wur, miyau na dalala, ka kai shi inuwa ka kwarara masa ruwa mai sanyi ku nufi likita.

Ciwon da ya fi bin jininsu

Na ido shi ne na gaggawa. Akwai ɗan madubi a cikin ido da wasu siraran zare ke riƙe da shi, a wasu Jack Russell zaren na tsinkewa ta gado madubin ya goce, yawanci tsakanin shekara 3 zuwa 8. Ido zai yi ja ko yayi hazo, yana ƙifta shi yana hawaye yana gudun haske. Wannan ba na a bari sai gobe bane, ruwan ido na taruwa ya matse jijiya ya makance cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma in ɗaya yayi a sa ido a kan ɗayan.

Na biyu gocewar ƙoƙon gwiwa, zaka ga yana gudu sai ya ɗage ƙafar baya ɗaya yayi taku biyu uku da ƙafa uku sannan ya sauke kamar ba komai. Mutane na cewa ai salon tafiyarsu ce, a'a, a kai shi a duba, mai sauƙi rage ƙiba na isarsa mai tsanani sai tiyata. In kuma ɗan wata 4 zuwa shekara ɗaya ne ya fara ɗingishi cinyar na ramewa, yana iya zama kan ƙashin cinya ne jini ya daina kai masa, hoton ƙashi ne zai nuna, tiyatarsa kuma tana kyau sosai a ƙananan karnuka. Fiɗiya ko cire mahaifa ku tattauna lokacinsa da likita, macen da ba a cire wa ba in bayan ta gama jinin neman namiji da 'yan makonni ka ga tana yawan shan ruwa tana kasala, ka hanzarta, mahaifa ce ke iya cika da mugunya.

In ya haura shekara goma a riƙa kai shi dubiya sau biyu a shekara, a rage abinci kaɗan, a sa masa shimfiɗa mai laushi da ɗan matakala in yana hawa gado, yawo ya zama gajere amma kar a daina. Tun yana matashi ka riƙa haɗa kowace kalma da alamar hannu saboda da yawansu ji na raguwa da tsufa. Tawa a shekara biyun ƙarshe bata ji sam, in zan tashe ta sai in buga ƙafa a ƙasa kusa da ita ta ji motsin kar ta firgita, in na buɗe hannu biyu ta san zo nake nufi. Kullum da yamma in rana ta yi sanyi nakan binne mata guntun nama a kusurwar yashinta, sama-sama don ƙafafun sun yi rauni, ta taka a hankali ta je ta sa hanci, sannan ta fara tono da ƙafa ɗaya.